Ƙodar Baba Ba Citta Ba Ce

Kafanchan,
Farkon damina.

Zuwa ga ƙanena Martins,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Angelina da ɗanmu Asher. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi a ƙasar sanyi, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Mama tana nan, ƙafar ce dai wata rana ta yarda wata rana ta ƙi. Maigidana Silvanus yana kan babur ɗinsa tsakanin nan da Kwoi, yara sun koma makaranta. Baba yana gida, yana ci, yana sha, yana faɗa da kowa, ka ga kuwa ya warke. Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Kafin komai dole in yaba maka. Ban san muna da babban likita a gidanmu ba sai da Baba ya kwanta. Mu muna nan muna tsammani motar kai kaya kake tuƙawa a Ingila, ashe a ɓoye ka gama karatun tiyata a wasap. Bidiyoyin nan da ka yi ta turowa sun taimake mu ƙwarai, musamman na robot ɗin nan mai hannu huɗu da ya ɓare ɗan inabi, ya mayar da fatar, ya ɗinke. Mama ta kalla har ta ce a kashe, wai ya yi mata kama da gizo-gizo, ta kasa cin tuwo. Ka ce in ba wannan injin ba kada mu bari kowa ya taɓa Baba, a kai shi Indiya kawai, kamar Indiya tana bayan tashar Kwoi. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo, sai ya tambaya ko injin yana cikin aiki aka ɗauke wuta, wa zai fito masa da hannuwan daga ciki. Na turo maka tambayar, ka aiko da hoton hannu biyu na addu'a. Mun gode. To yanzu zauna ka ji yadda abin ya tafi, domin abin da idona ya gani ya fi ƙarfin bakina, ni da ka san ban taɓa rasa abin faɗa ba.

Ka tuna ba don ƙoda muka kai shi asibiti ba. Fitsari ne yake masa gardama irin ta tsofaffin maza, aka ce a yi masa sikanin. Mai sikanin ya yi ta goga abin a gefen cikinsa na dama, ya wuce, ya dawo, ya sake dawowa, har na gane ya ga abin da bai zo nema ba. Daga nan aka tura mu Kaduna aka saka Baba cikin babban injin hoto mai rami. Likitan da ya karanta hoton, wani dattijo mai suna Dokta Gershon, ya ce akwai ƙari a ƙodar dama. Ni da na tsufa a kasuwar citta, duk ranar da na ji an ce ƙari murna nake yi, ko ni zan bayar ko ni zan karɓa. Ranar ce ta farko da na ji kalmar ban yi murna ba. Ya ce girmansa bai wuce lemun tsami ba, yana zaune a gefe, kuma irin wannan yawanci ciwon daji ne, wato kansa, sai dai an kama shi da wuri. Sannan ya nuna mana wani abu da ya fi ƙarin tayar masa da hankali. Ƙodar hagu ta motse, ta gaji. Hawan jini ya ci ta, ga kuma ƙwayoyin ciwon jikin nan da Baba yake saya a kemis yana watsawa baki kullum zai tafi gona. Ma'ana, ƙodar da take ɗauke da Baba ita ce ƙarin ya zaɓa ya zauna a kanta.

Dokta Gershon ya ce hanyar da hannunsa ya saba da ita, ita ce a tsaga gefen ciki ƙarƙashin haƙarƙari, a cire ƙodar gaba ɗaya da ƙarin, a rufe. Ya ce aiki ne mai tsabta, ya yi shi ba adadi, kuma da ta hagun lafiyayya ce da ba zai yi dogon tunani ba, domin mutane da yawa suna rayuwa da ƙoda ɗaya har tsufa. Amma ga Baba, in an cire ta dama, ta hagun ba lalle ta iya ɗaukar kayan ba, ƙarshenta sai wankin ƙoda har iyakar rai. Sai ya ce akwai wata a Abuja da ta fi shi iya yanke ƙarin kaɗai a bar ƙodar, mu je wurinta. Martins, na tsaya ina kallon mutumin nan. Tun da nake kasuwa ban taɓa ganin wanda mai saye ya zo har gaban rumfarsa, ya ce masa wuce gaba, ta can ta fi ni kaya mai kyau ba. Na nemi inda ribarsa take a maganar, na juya ta, na sake juyawa, ban samu ba.

Sunan likitar Dokta Zamzam. Da muka shiga na ga yarinya siririya da ɗan hijabi da tabarau, na ɗauka ita ce mai kiran suna, har na tambaye ta ko likitan ya iso. Ta yi dariya ta ce ya iso, ga shi zaune. Da ta ji daga inda muka fito sai ta ce ai ita ma 'yar Kafanchan ce, jikar Alhaji Ubaidullahi mai sayen busasshiyar citta a bakin kasuwa. Ka tuna shi, mai sikelin nan da ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Baba ya ce ya sayar wa kakanta citta tun ba a haifi ubanta ba. Ta tashi ta rusuna ta gaishe shi, ta kira shi Baba Azariya, sannan ta juyo da hoton ta shimfiɗa mana kayanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓoye aibin ko ɗaya ba.

Ta ce tambaya biyu ce, kada mu haɗa su. Ta farko, me za a cire, ƙodar duka ko ƙarin kaɗai. Ta biyu, ta wace ƙofa za a shiga. In an cire duka, aikin ya fi sauƙi, jini ba ya zuba sosai, amma mutum ya rasa ƙoda. In ƙarin kaɗai ne, aikin ya fi wuya, ana iya zubar da jini, wani lokaci fitsari ya yi ta yoyo daga ɗinkin kafin ya kama, amma ga ƙari ƙarami irin na Baba, waɗanda aka yi wa haka ba su fi waɗanda aka cire wa duka ganin dawowar ciwon ba. Maganar ƙofa kuma, ana iya tsaga ciki babba, likita ya sa hannunsa ya taɓa abin da yake yankawa, sai dai jinya ta yi tsawo, ciwon ya yi yawa. Ana iya huda 'yan ramuka, a hura cikin da iska ya tashi kamar tanti, a zura kyamara da dogayen ƙarafa, likita yana kallon talabijin yana aiki. Na ce to robot fa, domin ina da ƙane a Ingila da ba zai bar ni in yi barci ba. Ta ce robot ɗin ma ta ramukan nan yake shiga, abin da ya fi shi ne wuyan hannunsa yana lanƙwasa, ɗinki a lungu ya fi sauƙi da shi, kuma da tana da shi da ta yi murna. Amma ba shi yake tunani ba. Likita ne yake zaune a gefe yana tuƙa shi, in likitan ya iya ya iya, in bai iya ba injin ba zai koya masa ba. Ta ce ita da ramuka take yi, da hannunta.

Ni dai a raina ciniki ya faɗa. Sai Baba ya gyara zama ya ce bai yarda ba, a cire duka. Na ɗauka bai ji ba ne, na sake masa bayani. Ya ce ya ji sarai, a cire duka, har da jijiyar. Kai ba ka nan shekarar da citta ta ruɓe, labari kawai ka ji a waya. Ni na gani. Ganye ya yi rawaya cikin 'yan kwanaki, ka tona ƙasa ka sami saiwar ta zama kamar dafaffen dankali, ga wari. Gonar bakin rafi, wadda ta yi mana makaranta ni da kai, ta tafi a tsaye. Abin da ban gaya maka ba a lokacin shi ne abin da Baba ya yi da ɗan irin da ya tsira. Ya zauna gindin mangwaro da wuƙarsa, ya bi shi ɗaya ɗaya, duk inda ya ga ruɓa ya yanke ya jefar, ya bar inda yake fari tas mai ƙamshi. Ya adana, damina ta zo ya shuka. Ya tsiro kore shar, mutane suna tsayawa a hanya suna kallo. Sai ya sake ruɓewa, duka. Tun daga ranar Baba ya yanke wa kansa hukunci cewa abin da ruɓa ta taɓa ba a yi masa gyaran fuska, ana tumɓuke shi ne a ƙone. Ga shi yau wata yarinya tana ce masa za ta yi wa ƙodarsa abin da ya yi wa irinsa.

Ka san in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinsa. Ya koma yaren gida, ya ce in gaya wa jikar Alhaji ita yarinya ce, ba ta taɓa shuka komai ya mutu a hannunta ba, shi ya riga ya yi wannan wautar sau ɗaya, ba zai bari a yi ta a cikin cikinsa ba. Ni kuma na juya na ce wa likita Baba yana godiya, yana dai neman ƙarin bayani. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ta girma tana jin yaren nan a bakin sikelin kakanta, kalmar yarinya da kalmar wauta dai ta gane su. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Amma ba ta yi fushi ba. Ta ja kujera kusa da shi ta ce ya ba ta labarin cittar. Ya ba ta, tun daga launin ganye har warin. Ta tambaye shi a ina cutar take zama. Ya ce a ƙasa take, da ruwa, tana bin cikin saiwar inda ido ba ya gani. Ta ce to tambayarsa ita ce tambayar da likitocin duniya suka daɗe suna yi, shi ya sa da can duka ake cirewa, kuma har yau akwai ƙarin da in ta gani ba ta tsayawa ciniki, duka take kwashewa. Amma nasa ba irin mai bin jiki ba ne tukuna. Ta nuna masa a hoto yadda yake a dunƙule, da iyakarsa, kamar ƙwallo a cikin tuwo. Ta ce ba a kan iyakar za ta yanka ba, za ta haɗa da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, a kai ɗakin gwaji a duba bakin yankan da madubin da ke ganin abin da wuƙarsa ba ta gani ba a gindin mangwaro. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce magana ce mai daɗi, irin cittarsa ma fari ne tas a ido. A cire duka.

A nan ne na tuna sana'ata. Mai saye ba ya yarda da baki, sai ya ga kaya. Baba yana jin wankin ƙoda yana ɗauka kamar wankin babur ne, a yi sau ɗaya a tafi gida. Na roƙi wata nas ta nuna mana ɗakin da ake yi, ta nemi izinin masu jinya, muka shiga. Mutane ne a jere kan kujeru, kowa da tiyo biyu a hannu, jininsa yana fita ja wur yana zagaya cikin inji yana komawa. Ni kaina na tsaya baki buɗe, wai ɗan adam ya ƙera abin da zai yi aikin ƙoda, amma ga shi ya kai girman firij, abin da Allah ya yi bai wuce dunƙulen hannu ba. Muka dace da wani tsohon malamin makaranta daga Gwantu, Malam Justin, ya ji muna yare ya kira mu. Mutum mai fara'a. Ya ce injin nan shi ya riƙe ransa, ba ya zaginsa. Amma ya ce ya baro gida ya tare wurin 'yarsa a Abuja domin duk mako sai ya zo, ba sau ɗaya ba. Ruwan sha ma da awo yake sha. Baba ya tambaye shi wa yake masa noma. Malam Justin ya yi dariya ya ce gonarsa ta zama wurin kiwon awakin maƙwabta, rabonsa da ganinta tun kafin cutar citta. Muka fito da Baba. A bakin ƙofa ya tsaya ya sha ruwan leda guda, ya sayi wani ya shanye, yana kallon ledar.

Da muka koma wurin likita, Baba ya zauna kamar mai sayar da buhu na ƙarshe. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. In ta shiga ta ga abin ya yi jijiya, kada ta ji tausayinsa, ta tumɓuke duka. Ta ce wannan ko bai faɗa ba haka za ta yi, kuma in ramukan suka ƙi, za ta tsaga babba, ya sani tun yanzu. Na biyu, abin da ta ciro a nuna wa 'yarsa Milka, domin ni ce ba a taɓa sayar wa ruɓaɓɓiyar citta a ƙasan buhu ba. Ta ce ta yarda. Ka ga inda aka kai ni, daga rumfa zuwa duba aikin likita.

Ranar aikin da safe Fasto Bartholomew ya kira ya yi addu'a ta waya, Mama ta riƙe hannun Baba har ƙofar da ba a wucewa. Muka zauna. Ban san tsawon zaman ba, na dai san na karanta Zabura har na fara karanta layi ɗaya sau uku. Can sai ga Dokta Zamzam da koren kaya, da ɗan kwano a rufe. Ta ce ƙodar tana nan a jikinsa, tana aiki, ta ga fitsari yana sauka. Ta buɗe kwanon. Wani dunƙule ne mai ruwan ƙwai da ja, ba kyan gani, amma ta ƙasansa, inda aka raba shi da ƙodar, an bar masa siririn nama mai ruwan hanta ya lulluɓe shi, ko'ina daidai, ba inda ya yi kauri ba inda ya huje. Martins, na yi shekaru ina tsaga citta, na san hannun da ya iya wuƙa in na gani. Ni ina yi ne a kan tabarma da rana tsaka, abin yana tafin hannuna. Ita ta yi wannan ne da ƙarfe mai tsawon kamu biyu, ta rami, tana kallon wani wuri dabam. Na ce mata kaya sun yi.

Daga baya, da Baba ya fara zama, ta cika mana da abin da ban roƙa ba. Ashe kyamarar tana ɗaukar komai, ta kunna mana a kwamfutarta. Na ga cikin ubanmu. Wuri ne mai haske, ruwan hoda da rawaya, komai yana motsi a hankali yana numfashi, ko'ina a shirye kamar ɗakin da aka gyara wa baƙo. Ta nuna mana jijiyar da ke kai wa ƙodar jini tana bugawa. Ta ce nan ne wuyar aikin take. Ba a yanka ƙoda jini yana gudu, dole a matse jijiyar da ɗan maƙali kamar wanda muke danne wanki a igiya. Amma daga lokacin da aka matse, ƙodar ta fara jin yunwa, in an daɗe za ta lalace, a yi aikin banza. Yanka, cirewa, toshe hanyoyin jini da na fitsari, ɗinke ramin, duka sai an gama kafin tukunyar shinkafa ta nuna. Muka ga an matse, ƙodar ta koɗe. Muka ga almakashi yana bin gefen ƙarin a natse kamar ba agogon da ke bin sa. Allura ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, ramin ya haɗe bakinsa. Sai aka saki maƙalin. Ƙodar nan da ta yi fari ta fara ja daga gefe guda, jan ya bazu har ya rufe ta, ba ɗigo ɗaya da ya fita ta ɗinkin. Mama ta ɗora hannu a ka ta fara waƙar godiya a ofishin mutane. Aka saka ƙarin cikin 'yar jaka tun a ciki, aka zaro ta ramin da aka ɗan faɗaɗa. Baba ya ce a mayar masa wurin da jinin ya dawo. Aka mayar. Ya ce a sake. Ya sake kallo har ƙarshe.

Washegarin aikin aka tashe shi ya taka. Ƙorafinsa ɗaya, wai an yi aiki a ciki amma kafaɗa ke masa ciwo, ko sun yi kuskuren wuri ne. Nas ta ce iskar da aka hura ce, za ta wuce, ta kuwa wuce. Muka dawo gida muka shiga jiran sakamakon gwaji, kuma jiran nan ya fi aikin wuya, domin kullum Baba yana gindin mangwaro yana cewa irin nasa ma sai da ya tsiro kafin ya mutu. Ranar da likita ta kira, ni na ɗauka, na sa a sifika. Ta ce ciwon dajin ne, ba ta ɓoye ba. Amma an bi bakin yankan kaf, ba a sami ko ɗigon cutar ba, kuma gwajin jini ya nuna ƙodar tana riƙe da shi, ba maganar wanki. Ta ce ba wai an sallame shi ba ne, zai riƙa zuwa hoto lokaci lokaci na wasu shekaru, in wani abu ya ɗago a gan shi tun yana ƙarami. Ƙwayoyin kemis kuma ya yi ban kwana da su, maganin hawan jini kullum. Baba ya karɓi wayar ya ce mata ya janye kalmar wauta. Ta yarinya kuwa tana nan, sai ranar da ta yi furfura.

Abin da ya rage masa yanzu baƙin ciki ɗaya ne, ba shi da tabon nunawa. Ka san mutanenmu, in an ce an yi wa mutum tiyata suna so su ga ɗinki daga nan zuwa can su kama baki. Ranar da muka yi godiya a majami'a, 'yan Zumuntar Mata suka biyo mu gida, Baba ya ɗaga riga, suka leƙa suka ga 'yan tabo kamar cizon ƙuma da guda ɗaya ɗan tsayi. Wata ta ce anya ba allura kawai aka yi masa ba. Ransa ya ɓaci, ya ce ai ƙodar tana ciki, mai shakka ya zo ya ga yawan fitsarin da yake yi. Mama ta ja masa rigar ƙasa. Kai ma kada ka ji haushin tsokanar da na yi maka. Na san tsoro ne ya sa ka yi ta turo bidiyo, kana can ba ka da abin yi sai waya. Robot ɗinka abin mamaki ne, likitar ma ta ce haka. Ni dai na ga hannun da ya yi aikin, na kuma gaisa da shi, ɗan ƙarami ne, da sauran lalle a farce.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka daina aske wa Asher kai cikin sanyi. Baba ya ce in gaishe da babban likita. Silvanus da yara suna gaisuwa, haka Inna Keziya da Rosemary da duk mutanen gidan Kwoi. Ka gaishe mini da Angelina da kyau, ka ce mata yajin cittar da ta roƙa yana cikin ledar da ke tare da takardar nan, kada ka cinye. Ubangiji ya sa mu gana da alheri.

Taka yaya,
Milka.

Af, saura kaɗan in manta. Ruwa ya sauka, mun samo sabon iri mai kyau, ba daga tsohuwar ƙasar ba, kuma Baba ya rantse bana sai ya shuka. Likita ta ce kada ya ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi sai ta sake ganinsa. Gona tana jiran huɗa, shi kuma yana zaune yana harararta. Shi ne na ce in tambaye ka, tunda kai ne masanin injuna a gidan nan: wannan mai hannu huɗun naka, ko ɗaya daga cikin hannuwan ya iya riƙe garma?